Hoto a Littafi, Labari a Baki: Yadda Ake Yi Wa Yaran Zango Tatsuniya da Littafi Mai Hotuna

Gidan da nake zaune a unguwar Aboabo, a birnin Kumasi na ƙasar Gana, irin babban gidan nan ne na Zango: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, yara kuwa sai wanda ya ƙirga. Shekara uku ke nan ina tara su daren Juma'a da na Asabar ina buɗe musu littafin tatsuniya mai hotuna. Maƙwabta sun sha tambayata yadda nake yi har yaron da ba ya iya zaman minti biyu ya share rabin awa a kan tabarma baki buɗe. Ga amsar nan daki-daki. Da "ke" zan yi magana, domin a gidajenmu mata ne suka fi riƙe wannan aiki, amma in baba ko kawu ne ya ɗauka, hanyar ɗaya ce.

Ki riƙe wannan tun daga farko: littafi ba ya yin tatsuniya, hoto kawai yake kawowa. Labarin daga bakinki zai fito, da Hausar da yaran ke ji a tsakar gida. Dalili kuwa a fili yake. Yaronmu na Kumasi da harshe huɗu yake tashi: Hausa a gida, Twi a titi da kasuwa, Turanci a sukuu (wato makarantar boko), Larabci a makaranta (wato ta allo). Harsunan gida 11 gwamnati ta ware ana koyarwa a makarantunta, babu Hausa a cikinsu, ko da yake gidan rediyon GBC ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Don haka littafin da zai faɗo hannunki kusan kullum na Turanci ne, jefi-jefi na Twi. In kika ce sai kin karanta shi yadda aka rubuta, ƙananan za su ji kamar an mayar da su aji da daddare.

Mataki na farko: zaɓen littafi

Kafin ki kashe ko sidi ɗaya, ki leƙa laburaren yankin Ashanti da ke cikin harabar Cibiyar Al'adu, kusa da asibitin Komfo Anokye. Ki zauna wajen littattafan yara ki juya guda goma, idonki zai waye, ki fara bambance mai kyau da na cika ido. In saye za ki yi, akwai shagunan littattafai a Adum, akwai kuma masu shimfiɗa tsofaffi a bakin titi wajen Kejetia, nasu ya fi sauƙi. Wadda ke da intanet a waya ta duba shafin African Storybook, akwai labaran yara kyauta har da na Hausa, ana iya kai su wajen masu buga takarda a fitar. Kuma in wani naku zai je Kano ko Zariya, ki yi masa saƙo.

Ga gwajin da ba ya ba ni kunya. Ki sa tafin hannu ki rufe rubutun, ki bi hotunan kaɗai daga bango zuwa bango. In kin gane wane ne ya yi me, waye ya fusata, waye ya ji kunya, to littafin ya ci. In hotunan ado ne kawai, dabbobi a tsaye suna kallon mai karatu ba sa yin komai, ki ajiye shi komai kyawun launinsa. Ki duba fuskoki musamman. Yaro ɗan shekara huɗu bai san harafi ba, amma ya san idon mai haɗama in ya gan shi.

Sannan ki ƙirga shafuka. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, wasu 24, kuma wanda aka ɗinke ta tsakiya da ƙarfe, in falle ɗaya ya fita a gaba, ɗan'uwansa na baya ma ya bi shi. Na taɓa sayen wani a bakin titi ban duba ba. Sai da na kai yara tsakiyar labari, Ananse, gizo-gizon tatsuniyoyin Asantawa, na maƙale a jikin bishiya, na juya shafi na ci karo da bango. Na san ƙarshen da ka, na ƙarasa musu, amma wata yarinya ta yi ta juya littafin tana neman hoton tulun da ya fashe, har uwarta ta zo ta ɗauke ta ba ta haƙura ba. Tun daga ranar shafin ƙarshe nake fara dubawa.

Ga 'yan ƙasa da shekara uku, mai kaurin kwali, hoto ɗaya a shafi, ya ishe su. Wannan jagora ta fi dacewa da 'yan shekara huɗu zuwa tara.

Mataki na biyu: ki sha labarin ke kaɗai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin gajen haƙuri. Kada ki taɓa buɗe wa yara littafin da ba ki riga kin karanta ba. Sau uku nake bi: na farko don in san labarin, na biyu don in ga abin da mai zane ya ɓoye a kusurwar shafi, na uku kuma in faɗe shi da Hausa a bayyane, ina wanke-wanke ko ina tsince shinkafa.

Bari mu ɗauki tatsuniyar da za ki fi samu a shagunan garin nan, ta Ananse da tulun wayo. Ananse ya bi duniya ya tattara wayo kaf ya zuba a tulu, ya ce shi kaɗai zai mallaka. Ya yanke shawarar ɓoye tulun a ƙolin wata doguwar bishiya. Ya ɗaure shi a cikinsa ya fara hawa, tulu ya tokare, ya hau ya zame, ya hau ya zame. Ɗansa Ntikuma na laɓe yana kallo, sai ya ce masa da ya mayar da tulun baya da ya hau. Ananse ya gwada, hawa ya yi sauƙi. A nan ya gane ashe akwai sauran wayo a waje, har a kan ƙaramin yaro. Haushi ya kama shi, tulu ya faɗo ya fashe, wayo ya watsu a duniya, kowa ya tsinci rabonsa.

Ba fassara za ki yi ba, sake haihuwar labarin za ki yi da Hausa, don haka ki tsaya kan kalmomi uku ko huɗu da labarin ya rataya a kansu. Abin da ya tara, hikima ce, ko ilimi, ko wayo? Ni wayo nake cewa. Hikima ta yi wa Ananse girma, ilimi kuma zai kai hankalin yara ga allo da malam. Wayo kuwa kalma ce da suke ji kullum, sun san mai wayo a cikinsu, sun san yadda ake cewa wayo ya yi wa mutum yawa. Abin da ya zuba a ciki, ki dubi hoton: in mai wuya ne ki ce tulu, in mai faɗin baki ne ki ce tukunya, in na duma ne ki ce gora. Kada bakinki ya ce tulu alhali idonsu na ganin ƙwarya, za su tsayar da ke, kuma da gaskiyarsu. Bishiyar kuma ki ba ta suna. Rimi nake cewa in hoton ya yarda, domin "wata bishiya" ba ta da tsawo a zuciyar yaro, rimi kuwa yana da shi.

Sai maganar suna. Wasu sukan mayar da Ananse ya koma Gizo don yara su saba. Ni ban goyi bayan haka ba. Ki bar Ananse a Ananse, ki ce musu ɗan'uwan Gizo ne na wajen Asantawa. Dukansu gizo-gizo ne, dukansu mayaudara, dukansu cikinsu ke jefa su a rami, amma kowa da gidansa: Gizo yana da Ƙoƙi, Ananse yana da Ntikuma. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka gangaro Kumasi da sauran garuruwan kudu. Da Gizo a bakinsu suka iso, suka tarar masu gari na da nasu. Har ma tarin tatsuniyoyin Hausa da Baturen nan Rattray ya buga a 1913, yana aiki ne a ƙasar nan, kuma wani malami, Malam Shaihu, shi ya rubuta masa su da ajami. Yaron Zango magajin gidajen biyu ne, bai kamata a haɗe masa su a ce ɗaya ne ba.

Ki shirya muryoyi. Asantawa ta hanci suke yi wa Ananse magana, mu kuma Gizonmu tsamin baki gare shi, ruwa ya zama "yuwa", sarki ya zama "shayki". Ki gwada muryar hancin nan a ɗaki tukuna har ta zauna. Murya biyu ko uku sun isa, in suka yi yawa ke da kanki za ki rikice.

Abu na ƙarshe a shiri shi ne waƙa. Tatsuniyar da ba amshi kamar tuwo ne ba miya. Asantawa ma suna katse labari da 'yan waƙoƙin da suke kira mmoguo, masu sauraro su karɓa. In littafin bai zo da waƙa ba, ki ƙirƙiro gajeriya a inda abu ke maimaituwa. Tawa ta wajen hawan rimi ita ce: ni in ce "Tulu a ciki, rimi da tsawo," su kuma su amsa "Hau ka zame, hau ka zame!" suna tafi. Ba ta fi haka ba, amma har a bakin famfo nakan ji suna rera ta.

Mataki na uku: lokaci da wurin zama

Bayan sallar isha'i, bayan an ci abinci. Mai jin yunwa ba ya jin labari. Tsofaffi sun hana tatsuniya da rana, har da tsoratarwar cewa mai yi zai ɓace, kuma ko ba don camfin ba, dare ya fi: aike ya ƙare, tsakar gida ta lafa. Kowa ya wanke hannu kafin ya zauna, domin yatsan da ya fito daga tuwo da miyar ayoyo, ko waakye da shito, in ya sauka a shafi tambarinsa ya zauna ke nan.

Ki shimfiɗa tabarma, su zauna kamar jinjirin wata, ƙanana a gaba. Ke ki hau kujera 'yar tsugune, ki riƙe littafin a gefen kafaɗarki yana fuskantarsu, daidai tsayin idonsu. Tunda kin riga kin haddace labarin, ba ki da bukatar kallon shafin sai ta gefen ido. Yara takwas zuwa goma ne iyaka, in sun fi haka na baya ba sa ganin hoto, daga nan sai ture-ture. Gara ki raba su kwana biyu. Fitila mai caji ki ajiye ta ta gefen yaran tana haska littafin, ba ta bayanki tana dukan idonsu ba, in takardar mai sheƙi ce ki ɗan karkata ta. Daren da aka ɗauke wuta ya fi kowane daɗi, babu talabijin ɗin da zai ja musu kunne.

Mataki na huɗu: buɗe labari

Littafi na rufe a cinyarki, ki ce: "Ga ta nan, ga ta nanku." Su amsa: "Ta zo mu ji ta." Kada ki ɗauka sun sani. Ranar da na fara, cikin yara tara biyu ne kacal suka amsa, su ma don kakarsu na raye ne. Ki koya musu, ki maimaita har su amsa da murya ɗaya. Wannan 'yar gaisuwa ita ce ƙofar. Da an faɗe ta yaro ya san an bar duniyar aike da faɗa, an shiga wadda dabbobi ke magana.

Sannan ki ɗaga bangon ki yi shiru. Ki bar su su yi ta faɗin abin da suka gani.

"Gizo-gizo ne da zani!"

"Me yake ɗauke da shi?"

"Randa."

"Me kuke jin yana ciki?"

Wani ya ce kuɗi, wani ya ce zuma, autar gidan ta ce koko. Kada ki ce wa kowa bai canka ba. Ki ce, "To, mu je mu gani."

Akwai wani abu da na lura da shi wanda sai a gidaje irin namu. Yaron da ya fara makaranta kafin sukuu, in kika miƙa masa littafi ta dama zai buɗe, yadda ya ga ana buɗe Alƙur'ani. Ba kuskure ya yi ba, abin da ya koya ne. Ki nuna masa a hankali cewa na Larabci ta nan yake farawa, na boko ta can, ki bar shi ya juya shafin farko da hannunsa.

Mataki na biyar: cikin labari

Duk shafin da kika juya, ki ƙirga biyar a zuciyarki kafin ki buɗe baki. Babba rubutu yake fara nema, yaro kuwa hoto yake karantawa, kuma yana bukatar lokaci. Sau da yawa a cikin wannan ɗan shirun ne wani zai nuna abin da ke ba ki gani ba, ƙadangare a gindin bishiya, ko ƙafar Ntikuma da ta leƙo daga bayan ganye tun shafi biyu kafin labari ya ambace shi.

Ki ba da labarin kina kallon fuskokinsu. Inda Ananse ke yawon tara wayo ki yi sauri, ki sa wuraren da suka sani: ya karɓo na masu goro, ya karɓo na mahauta, ya karɓo na direbobin trotro. Inda yake fama da hawa ki ja shi, ki yi nishi, ki bar waƙar ta zagayo sau uku. Tambaya kada ta wuce huɗu ko biyar a dukan littafin, kuma ta zama wadda ba ta da amsa ɗaya. "Wane launi ne wannan?" tambayar aji ce. "Me kuke gani zai yi yanzu?" ita ce ta tatsuniya.

Wuri ɗaya za ki tsaya da gangan, dab da warwarewar labari. Ni a shafin da Ananse ya zame karo na uku nake sa yatsa in rufe littafin, in ce, "Da ku ne Ntikuma, me za ku ce wa babanku?" Wani dare manyan suka yi ta kawo shawara, wannan ya ce a nemo tsani, wancan ya ce a jawo tulun da igiya. Sai wata 'yar shekara biyar da ba ta cika magana ba ta ce, "Anti, ya goya shi mana, kamar yadda Mma ke goya ƙanina." Tsakar gidan ta yi tsit. Na buɗe shafin, ga Ananse da tulu a gadon baya. Yarinyar nan ta miƙe tsaye ta dafa hoton da hannu biyu. Ba ta san harafi ko ɗaya ba a lokacin, amma daga daren ta ɗauki littafi a matsayin abin da ake iya yin magana da shi.

Ki kula da yadda za ki sa Ntikuma ya yi wa ubansa magana. A wasu littattafan kai tsaye yake gyara masa. Da Hausa ki sa masa ladabi: ya rusuna ya ce, "Baba, ba don kada in yi rashin kunya ba, da na ce ko za ka mayar da shi baya." Labarin bai rage komai ba, haushin Ananse ma ya fi fitowa, tunda ba shi da abin kamawa.

Yara za su amsa miki da Hausa gauraye da Twi da Turanci, kuma Hausarmu ta nan sau da yawa ba ta raba mace da namiji, sai ki ji an ce Ƙoƙi "ya tafi kasuwa". Kada ki tsayar da labari don gyara. Ki karɓa ki mayar a daidai: "Ƙwarai, Ƙoƙi ta tafi kasuwa." Kunne zai ɗauka da kansa. Wanda aka gwale a gaban 'yan'uwansa ba zai ƙara ɗaga murya ba.

Mai ƙiriniya ki ba shi aiki, ya riƙe fitila ko ya zama mai juya shafi. Wanda hoton Dodo ko kura ya firgita, ki jawo shi jikinki, kada ki daɗe a shafin, kuma ki tabbata ya ga hoton da aka yi maganin Dodon kafin ya je ya kwanta. In kuma kin ga hamma ta yi yawa, ki rufe a wuri mai daɗi ki ce sai gobe. Minti goma sha biyar da aka ji daɗinsu sun fi awa guda ta dole.

Mataki na shida: ƙurunƙus

Ki rufe yadda aka gada: "Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Daga nan ki yi shiru. Kada ki ce, "To, wane darasi kuka koya?" Na san da wuya, domin mu iyaye bakinmu ƙaiƙayi yake in ba mu yi nasiha ba. Amma yaran sun riga sun ga mai rowa ya yi asarar tulunsa, sun yi masa dariya. Bayan kwana biyu za ki ji wani ya ce wa ɗan'uwansa da ya ɓoye biskit, "Kai Ananse ne?"

Wannan rufewar ce kuma amsata ga wani maƙwabcinmu, dattijo mai kula da tarbiyyar 'ya'yansa, da ya ce yana tsoron a saba wa yara da ƙarya. Na ce masa, "Baba Alhaji, tatsuniya ita da kanta take faɗa wa yaro cewa ƙirƙira ce, a farkonta da ƙarshenta. Ka zo ka zauna dare ɗaya ka ji." Ya zo, ya zauna a bakin ƙofa, tun daga nan yake turo nasa. Amma damuwar iyaye irin wannan a ɗauke ta da muhimmanci. Wasu labaran Ananse suna ambaton Nyame, wato sunan da Asantawa ke kiran Ubangiji, a matsayin mai zama a sama ana zuwa wurinsa ana ciniki da shi. In kin ci karo da irinsu, ko dai ki zaɓi wani labarin, ko ki yi wa manyan yaran bayani a sarari cewa haka Asantawa suke ba da nasu labarin. Kuma littattafan tatsuniya su sami wurin ajiyarsu daban, kada a cakuɗa su da na addini.

Dare na biyu da na uku

Za su ce a sake. Ki sake, littafi ɗaya ya yi sati biyu ba laifi. A dare na biyu ki bar giɓi su cike: "Ya ɗaure tulun a..." su ce "ciki!" A nan ne kuma rubutun zai shigo. Manyan da ke aji uku zuwa sama, ɗaya ya karanta layin Turanci yana bin sa da yatsa, wani ya faɗe shi da Hausa, sauran su ce ya yi daidai ko bai yi ba. Gardamar da suke yi kan kalma ɗaya ta fi kowane darasi amfani.

In kina so su fara karanta Hausar kanta, ki yanka 'yan takardu, ki rubuta jimla guda ga kowane shafi, ki maƙala a ƙasa ba tare da manne ba. Tunda sun san haruffan boko, ba sa daɗewa, domin Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Abin da za ki nuna musu kaɗan ne: masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, sai "ts", sai kuma "c", wanda sautinsa ya yi kusa da abin da suka saba gani an rubuta da "ky" a Twi.

Dare na uku ki miƙa littafin ga yaro, ki koma kan tabarma cikin masu sauraro. Shi zai ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ke ki amsa tare da sauran. Zai tsallake wani wuri, zai ƙara abin da babu, ki ƙyale shi.

Adana littafi ba shi da wuya. A naɗe bangon da tsohuwar kalanda, a sa shi cikin roba mai murfi saboda laimar damina, wadda sau biyu take zuwa mana a shekara, da ƙurar hunturu, da kyankyaso. In shafi ya yage a liƙa da gam da siririyar takarda, salatif yana yin ja ya ci takardar. Mai son aro ya kwana ɗaya da shi ya dawo da shi hannu da hannu.

Ki kawo kaka

Wannan ne matakin da na fi so. Bayan yara sun ƙoshi da Ananse, sai na je wajen tsohuwar gidanmu na ce, "Mma, yaran nan sun san na Asantawa, ba su san namu ba." Ta ce ta manta, shekara nawa rabonta da tatsuniya. Na ce ta dai zo ta zauna. Da ta ji sun amsa "Ta zo mu ji ta" da murya ɗaya, sai ta gyara mayafi ta kama ta Gizo da hankaki: yadda hankaki ke cin ɓaure a wata bishiya a tsakiyar ruwa, yadda Gizo ya roƙe su kowanne ya ba shi gashi guda har ya tashi sama tare da su, yadda da isarsu ya hana kowa taɓa ɓauren, duk wanda aka nufa sai ya ce shi ya riga gani, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a can. Babu littafi, babu hoto, amma ba wanda ya motsa.

Washegari muka yi wa tatsuniyar littafi. Ga yadda ake yi: ki sami farar takarda falle huɗu, ki haɗa ki ninke biyu, kin sami shafi 16. Ki ɗinke tsakiyar da zare da allura, ki yi bango da kwalin da ya fi kauri. Ki raba labarin gida goma sha biyu ko sha uku tare da yaran, su za su faɗa miki abin da ya biyo bayan wani. Kowane yaro shafi ɗaya zai zana, babba a cikinsu ya rubuta jimlar Hausa a ƙasa da fensir tukuna, ke ki duba, sannan a bi da biro. A bango a rubuta sunan tatsuniyar, a ƙasa a sa "daga bakin Kaka". Kafin a ɗinke, ki kai wa tsohuwar ta duba hotunan. Tamu ta ce hankakan sun yi kama da kaji, kuma an manta farin ƙirjinsu, sai da mai shafin ya koma ya sake zanawa.